Nazarin Harsuna da Adabin Silabawa a Matakin Digiri na Farko

Gabatarwa

Daga cikin fannonin da jami'o'i suke ba da digiri na farko a kansu akwai nazarin harsuna da adabin Silabawa, wato al'ummomin da ke zaune a gabashin nahiyar Turai da tsakiyarta da yankin Balkan, har zuwa arewacin Asiya. Turawa suna rubuta sunansu Slav, marubutan Larabawa na da kuwa suna kiransu Saƙaliba. Harshen da ya fi shahara a cikinsu shi ne Rashanci, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa fannin bai wuce koyon Rashanci ba, alhali ya ƙunshi nahawu da fassara da tarihi da adabin al'ummomi fiye da goma.

An shirya wannan bayani ne domin ɗaliban da suka kammala sakandare da iyayensu, da malaman da ke ba su shawara, da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi waɗanda takardun neman tallafin karatu suke bi ta hannunsu. Karatu ne mai cin shekaru da kuɗi, saboda haka ya dace duk wanda zai shiga, ko zai ɗauki nauyin wani, ya san abin da ke ciki tun kafin ya sa hannu.

Harsunan da rassansu

Masu magana da harsunan Silabawa sun haura miliyan 300. Masana sun kasa harsunan zuwa rassa uku. Reshen gabas ya ƙunshi Rashanci da harshen Yukren da na Belarus. Reshen yamma ya ƙunshi harshen Polan da na Cek da na Sulobakiya, tare da wasu ƙananan harsuna irin na Sorbawa da ke gabashin Jamus. Reshen kudu kuwa ya ƙunshi harshen Bulgeriya da na Masedoniya da na Sulobeniya, sai kuma na Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegro. Waɗannan huɗu na ƙarshe suna da kusanci ƙwarai, masu magana da su suna jin juna ba tare da tafinta ba. A zamanin ƙasar Yugoslabiya ana ɗaukarsu harshe ɗaya, bayan da ta wargaje a shekarun 1990 kowace ƙasa ta kira nata da sunanta. Jami'o'i da yawa a wajen yankin suna koyar da su a aji ɗaya.

Kimanin mutum miliyan 150 ne suka tashi da Rashanci a matsayin harshen uwa, idan kuma aka haɗa da masu jinsa a matsayin harshe na biyu, musamman a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, adadin yakan kai kusan miliyan 250. Harshen Polan yana da masu magana kimanin miliyan 40, na Cek kimanin miliyan 10, na Sulobeniya kuwa kimanin miliyan 2. Dukkansu tushensu ɗaya, kuma ana ganin haka a kalmomin yau da kullum: ruwa sunansa voda a Rasha da Cek da Sabiya da Bulgeriya, a Polan kuma ana rubuta shi woda. Wanda ya ƙware a ɗaya yakan sami sauƙi wajen koyon na biyu.

Ya kamata a lura cewa ba kowace ƙasa ta gabashin Turai ce take magana da harshen Silabawa ba. Harsunan Hungari da Romaniya da Albaniya da Estoniya da Latbiya da Lituweniya ba sa cikin wannan dangi, duk da maƙwabtaka da tarihin da suka haɗa su.

Rubutu da asalinsa

A shekarar 863 daular Rumawa ta gabas ta aiki wasu 'yan'uwa biyu mutanen Tasalonika, Siril da Metodiyus, zuwa ƙasar Morabiya domin wa'azin addinin Kirista da harshen mutanen wurin. Su ne suka ƙirƙiro haruffan farko na rubuta harshen Silabawa, waɗanda ake kira Glagolitik. A ƙarshen ƙarni na 9 almajiransu a Bulgeriya suka tsara wasu haruffan daga na Girkanci, aka sa musu suna Sirilik domin tunawa da malaminsu. Harshen da aka yi waɗannan fassarori na farko da shi ana kiransa Tsohon Silabancin Coci, kuma har yau ana koyar da shi a jami'a domin shi ne mabuɗin tarihin sauran harsunan.

Addini ne ya raba rubutun gida biyu. Al'ummomin da suka bi cocin Otodoks, kamar Rasha da Yukren da Bulgeriya da Sabiya, sun riƙe haruffan Sirilik. Waɗanda suka bi cocin Katolika, kamar Polan da Cek da Kuroshiya, suna rubutu da haruffan Latin, irin na bokon Hausa, tare da alamomin da suka ƙara wa wasu baƙaƙe domin sautukan da Latin ba ta da su, kamar yadda Hausa ta yi wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa. Rashanci yana da harafi 33, harshen Bulgeriya 30, na Polan 32. A Sabiya ana amfani da rubutun biyu duka.

Akwai kuma rubutu na uku da mai karatu Bahaushe zai gane nan take. Musulmin Bosniya sun shafe ƙarnoni suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, suna kiransa Arebitsa, suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da littattafan koyar da addini. Haka ma Tatarawa Musulmi na Belarus da Lituweniya da Polan suka bar littattafan da aka rubuta da harshen Silabawa cikin haruffan Larabci. Wannan shi ne ajaminsu, kuma fage ne na bincike mai zaman kansa.

Yadda fannin ya shiga jami'a

Malamin da ake danganta kafuwar fannin da shi shi ne Josef Dobrovsky na ƙasar Cek, wanda ya wallafa nahawun Tsohon Silabancin Coci a 1822. A 1840 aka naɗa mawaƙin Polan Adam Mickiewicz malamin adabin Silabawa a birnin Paris, a 1849 kuma Jami'ar Vienna ta buɗe kujerar farfesa ta fannin ta ba Franz Miklosich. A Amurka an fara koyar da shi a Jami'ar Harvard a 1896. A Landan an buɗe makarantar nazarin Silabawa a 1915, Tomas Masaryk ne ya gabatar da laccar buɗe ta, mutumin da daga baya ya zama shugaban Cekoslobakiya na farko.

Siyasar duniya tana da hannu sosai a haɓakar fannin da raguwarsa. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, a 1957, Amurka ta kafa doka a 1958 wadda ta zuba kuɗi a koyar da harsunan waje, ɗaliban Rashanci suka ƙaru. Da Tarayyar ta rushe a 1991 sai yawansu ya ragu. Yaƙin da ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Rasha da Yukren a Fabrairun 2022 ya sake juya al'amarin: sassan jami'o'i da dama sun ƙara ba harshen Yukren da adabinta muhimmanci, sun kuma sake duba manhajarsu wadda a da Rasha ta fi cika ta.

Tsarin karatun

Tsawon karatun ya danganta da ƙasa. A Polan da Cek da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai digirin farko shekara uku ne. A Ingila digirin harsuna shekara huɗu ne, ɗaya daga ciki ana yin ta a ƙasar da ake magana da harshen. A Amurka shekara huɗu ce, ɗalibi yakan fara da darussa daban-daban kafin ya tsai da fanninsa, galibi a shekara ta biyu. A Nijeriya ma shekara huɗu ce. Mafi yawan jami'o'i suna karɓar ɗalibin da bai taɓa sanin ko harafi ɗaya na harshen ba, domin makarantun sakandaren da ke koyar da waɗannan harsuna a wajen ƙasashensu ba su da yawa.

A tsarin shekara huɗu, shekarar farko ta harshe ce kusan baki ɗaya. Ana gama koyon haruffa a cikin makonnin farko, sannan a shiga furuci da nahawu da karatu da shifta, kusan kowace rana, tare da darasin share fage a kan tarihi da al'adun yankin. Adabi a wannan mataki ana karanta shi ne a fassara. A shekara ta biyu ake kammala manyan babukan nahawu, ɗalibi ya fara karanta gajerun labarai da waƙoƙi da jaridu a harshen asali, ya kuma fara rubuta insha'i. Shekara ta uku ita ce ta zama a ƙasar waje a jami'o'in da ke da wannan tsari. Shekara ta huɗu ta fassara ce mai zurfi daga harshen da kuma zuwa cikinsa, da darussan zaɓi, da kundin bincike.

Darussan zaɓi sun haɗa da tarihin harshe, da tsarin sauti, da adabin baka, da fina-finai, da wasan kwaikwayo, da siyasar yankin. Sassa da yawa suna ba ɗalibi dama, wasu ma suna tilasta masa, ya ɗauki harshe na biyu daga wani reshe, misali mai Rashanci ya haɗa da harshen Polan ko na Cek. Haka kuma ana iya haɗa fannin da wani daban, kamar tarihi ko tattalin arziki ko hulɗar ƙasa da ƙasa.

Tun daga 2022 jami'o'in Ingila da na Amurka suka daina tura ɗalibansu Rasha domin shekarar zama a waje. Suna tura su ne inda ake jin Rashanci sosai a wasu ƙasashe, kamar Estoniya da Latbiya da Kazakistan da Kirgizistan da Armeniya.

Inda wuyar harshen take

Haruffa su ne suka fi tsorata mai kallo daga nesa, amma su ne mafi sauƙi. Yaron da ya iya boko da Larabci ya riga ya saba da rubutu iri biyu, na uku ba zai gagare shi ba. Nauyin karatun yana cikin nahawu.

Abu na farko shi ne sauyawar ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla. Wanda ya yi nahawun Larabci a makarantar zaure ko ta Islamiyya ya san i'irabi, inda suna yake zuwa da rufu'a ko fataha ko kisira. A Larabci halayen suna uku ne, a Rashanci shida ne, a harsunan Polan da Cek da Yukren kuwa bakwai. Littafi a Rashanci kniga ne idan shi ne ake ba da labarinsa, knigu idan shi aka karanta ko aka saya, knigi idan ana nufin mallaka, knigoy idan da shi aka yi aiki. Sifa da wakilin suna da ƙidaya duk suna sauyawa tare da sunan. Harsunan Bulgeriya da Masedoniya ne kaɗai suka watsar da mafi yawan wannan tsari. Bugu da ƙari, jinsin suna uku ne: namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, alhali Hausa biyu gare ta. Harshen Sulobeniya yana da siga ta musamman ta abu biyu, kamar musanna a Larabci: brat ɗan'uwa ɗaya, brata biyu, bratje uku ko fiye.

Abu na biyu shi ne aikatau. Kusan kowane aiki yana da kalma biyu, ɗaya ta aikin da aka kammala, ɗaya ta wanda ake cikin yi ko aka saba yi. A Rashanci pisat da napisat duk rubutu suke nufi, amma na biyun yana nuna an gama. Wannan yakan wahalar da mai jin Ingilishi, amma Bahaushe ya san bambancin "ya rubuta" da "yana rubutawa" da "yakan rubuta", saboda haka tunanin ba baƙo ba ne a gare shi. Aikatau na tafiya ma suna da nasu rabe-raben: kalmar tafiya da ƙafa daban, ta tafiya a abin hawa daban, kowace kuma tana da sigar zuwa wuri ɗaya da ta kai da kawowa.

Abu na uku furuci ne. A Rashanci ana danna gaɓa ɗaya a kowace kalma, kuma ba a nuna wurin a rubutun yau da kullum. Kalmar muka idan aka danna gaɓar ƙarshe tana nufin garin tuwo, idan aka danna ta farko tana nufin azaba. Bahaushe ya san irin wannan, tun da yana rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, tsawon wasali ne yake raba su. Abin da zai fi ba shi wahala shi ne jerin baƙaƙe ba wasali a tsakani, domin Hausa ba ta yin haka. A harshen Cek wuya sunansa krk, yatsa kuma prst.

Ladabin magana kuwa yana kama da namu. Barashe yana ce wa aboki ko yaro ty, babba ko baƙo kuma vy, kamar yadda ake ce wa dattijo "ku". Ana kiran malami ko shugaba da sunansa haɗe da na mahaifinsa: Ivan Petrovich yana nufin Ivan ɗan Pyotr.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar mako 44, wato kimanin awa 1,100 a aji, kafin ya iya aiki da Rashanci ko harshen Polan ko na Cek. Faransanci bai wuce mako 30 ba, Larabci kuwa mako 88. Wannan ƙiyasi na manya ne da ba su da wani aiki sai karatun. Ɗalibin da ke yin harshe sau biyu a mako, ya ajiye littafi lokacin hutu, zai iya karɓar takardar digiri ba tare da ya iya magana ba.

Adabin da ake karantawa

Ginshiƙin manhajar adabin Rasha shi ne ƙarni na 19. Ana farawa da Aleksandr Pushkin, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1837, kuma ake ɗaukarsa uban adabin Rasha na zamani. Kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, ɗan Afirka ne da aka kai fadar sarki Peter Babba yana yaro, ya girma ya zama injiniya kuma janar na soja. An daɗe ana cewa daga Habasha ya fito, amma a shekarun 1990 masanin tarihi Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjojin cewa garinsu Logone ne, kudu da tafkin Cadi, a arewacin Kamaru ta yau.

Bayansa sai Nikolai Gogol, haifaffen Yukren, wanda a 1836 ya fitar da wasan kwaikwayo a kan jami'an wani ƙaramin gari da suka ji labarin sufeto zai zo a ɓoye, suka ɗauki wani matafiyi marar ko sisi a matsayin shi, suka riƙa cika masa aljihu da toshiyar baki. Marubucin Nijeriya Femi Osofisan ya ɗauko wannan wasa a shekarun 1970 ya mai da shi labarin wata majalisar ƙaramar hukuma. Ivan Turgenev ya bayyana rayuwar manoman da ke ƙarƙashin mallakar masu ƙasa, tsarin da ba a soke ba sai a 1861. Fyodor Dostoyevsky ya rubuta littafin da ake fassara sunansa da Laifi da Hukunci a 1866, a kan ɗalibin da ya yi kisan kai zuciyarsa ta hana shi sakat. Lev Tolstoy ya kammala Yaƙi da Zaman Lafiya a 1869, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya rubuta labarin Haji Murad, ɗaya daga cikin jagororin Musulmin yankin Kokeshiya da suka yi yaƙi da Rasha a zamanin Imam Shamil. Anton Chekhov, wanda likita ne, shi ne gwanin gajeren labari da wasan kwaikwayo.

A ƙarni na 20 batun da ya fi fitowa shi ne dangantakar marubuci da hukuma. An ba Boris Pasternak kyautar Nobel a 1958 aka matsa masa ya ƙi karɓa. Aleksandr Solzhenitsyn, wanda ya rubuta a kan sansanonin aikin dole, ya sami kyautar a 1970, aka kore shi daga ƙasar a 1974. Svetlana Alexievich ta Belarus, wadda ke gina littattafanta daga hira da talakawa, ta same ta a 2015.

A Yukren babban mawaƙi shi ne Taras Shevchenko, wanda aka haifa a 1814 a cikin ƙangin masu ƙasa, aka fanshe shi yana saurayi. Ɗalibi zai karanta yadda daular Rasha ta taƙaita buga littattafai da harshen Yukren a 1863 da 1876, abin da ke taimakawa wajen fahimtar rikicin yau. Polan ta shafe shekara 123, daga 1795 zuwa 1918, ba ta cikin taswirar duniya, kuma adabi yana cikin abubuwan da suka riƙe al'ummar. Wladyslaw Reymont ya sami Nobel a 1924 saboda littafinsa a kan rayuwar manoma a ƙauye, wanda ya kasa bisa yanayi huɗu na shekara. Daga wasan kwaikwayon Karel Capek na Cek, na 1920, kalmar robot ta bazu a duniya. Ivo Andric, wanda ya sami Nobel a 1961, ya ba da tarihin zaman Musulmi da Kirista da Yahudawa a Bosniya ta hanyar labarin wata gada a kan kogin Drina.

Adabin baka yana da matsayi babba a fannin. Vuk Karadzic na Sabiya ya tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin mutanen karkara, ya kuma fitar da ƙamus a 1818. A shekarun 1930 Milman Parry da Albert Lord na Harvard suka naɗi muryoyin makaɗan Yugoslabiya masu rera dogayen waƙoƙin jarumai da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, mai kama da goge, suka nuna yadda mawaƙin da bai yi karatu ba yake tsara dubban baitoci yana cikin rerawa. A 1928 Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha ya fitar da matakai 31 da labarin ke bi. Masu nazarin tatsuniya da waƙar baka a ƙasashe da dama, har da na Afirka, suna amfani da waɗannan hanyoyi.

Alaƙa da Nijeriya da inda ake karantawa

Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Tarayyar Sobiyet a Nuwamban 1960, a shekarar da aka buɗe jami'ar nan ta Mosko da aka sa wa sunan Patrice Lumumba, inda ɗaliban Afirka da yawa suka yi karatu. Kamfanin Sobiyet ne ya karɓi kwangilar gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1979, kamfanin Bulgeriya kuma ya gina Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Legas, aka kammala a 1976. Nijeriya tana sayo alkama da kayan haɗa takin zamani daga wannan yanki, kuma manoma sun ji a jikinsu lokacin da farashin taki ya tashi a 2022.

Su ma sun daɗe suna nazarin Hausa. An buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko a 1963 ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge, gidan rediyon Mosko kuma ya taɓa samun sashen Hausa. Jami'ar Warsaw tana koyar da Hausa, malamanta irin su Stanislaw Pilaszewicz da Nina Pawlak sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan harshen da adabinsa.

A cikin gida, jami'o'in da aka sani da koyar da Rashanci su ne na Ibadan da Legas da Nsukka. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, tare da kiredit biyar na kammala sakandare, ciki har da Ingilishi. Ya wajaba mai nema ya duba littafin jagora na hukumar na shekarar da zai nema, domin sharuɗɗa da kwasa-kwasai suna sauyawa. Wanda zai yi karatu a Rasha da harshen ƙasar yakan yi shekara guda ta share fage, sannan ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshen. A Jamhuriyar Cek jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu daga wanda zai yi karatunsa da harshen Cek, ko ɗan wace ƙasa ne, amma abinci da masauki da inshora suna wuyansa.

Aikin da ake samu

Rashanci yana cikin harsuna shida na aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, shida kuma daga cikin harsuna 24 na Tarayyar Turai na Silabawa ne. Masu wannan digiri suna aiki a matsayin masu fassara da tafintoci da malamai, da kuma a ma'aikatar harkokin waje da hukumomin tsaro da na shige da fice da kafofin watsa labarai da kamfanonin da ke ciniki da yankin. Sai dai gurabun aikin da ke neman harshen shi kaɗai ba su da yawa, kuma yawancinsu suna Abuja da Legas ne ko ƙasar waje. Saboda haka ya fi dacewa ɗalibi ya haɗa harshen da wani ilimi, kamar shari'a ko kasuwanci ko aikin jarida, ko ya yi niyyar ci gaba zuwa digiri na biyu. Ingancin Ingilishinsa da Hausarsa ma abin kula ne, domin mai fassara ba ya wuce ƙarfin harshen da yake fassarawa zuwa cikinsa.

Abubuwan lura ga iyaye da jami'ai

Na farko, a tabbatar da inda kuɗi zai fito har ƙarshen karatun. Shirin nan na Gwamnatin Tarayya na musayar ɗalibai, wanda ya daɗe yana kai yara Rasha da wasu ƙasashe, an ba da sanarwar dakatar da ɗaukar sababbi a cikinsa a 2025. Gurbin karatu na kyauta sau da yawa kuɗin makaranta kawai yake ɗaukewa, ya bar jirgi da abinci da tufafin sanyi da magani.

Na biyu, a tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince da jami'ar, domin wanda ya yi karatu a waje sai an tantance takardunsa kafin ya tafi hidimar ƙasa.

Na uku, a duba halin tsaro. A Maris na 2022 sai da gwamnati ta kwaso ɗaliban Nijeriya da suka tsere daga Yukren ta ƙasashen maƙwabta, da yawansu karatunsu ya katse.

Na huɗu, a yi hattara da dillalai. A 2024 kafofin labarai na duniya sun ba da rahoton 'yan matan Afirka da aka kai Rasha da alkawarin karatu da koyon sana'a, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. An kuma sami rahotannin samarin da aka yi wa alkawarin aiki suka ƙare a fagen daga. Kada a ba kowa fasfo ko kuɗi sai an ga takardar karɓa daga jami'ar kanta, an kuma tabbatar da ita a ofishin jakadancin ƙasar. Kada yaro ya sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen da bai iya karantawa ba.

Daga ƙarshe, a auna yaron kansa. Fannin ya dace da mai son karatun littattafai masu tsawo, mai haƙurin hadda da maimaici kowace rana, wanda kuma ba ya jin kunyar yin kuskure a gaban mutane. Iyaye da jami'an da ke buƙatar ƙarin bayani suna iya tuntuɓar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ko sashen ilimi na ƙaramar hukumarsu kafin su yanke shawara.